Hatimin Sarkin Kwarsa

Ku matso kusa, yau shari'a na kawo muku, ku ne alƙalai.

A zamanin Sarki Mijinyawa, wani Bature ya sauka a Birnin Kwarsa da sojojinsa. Ya girke igwa a kan tudu, bakinta na duban ƙofar gari, sannan ya shigo fada da takardar alkawari. Abin da ke ciki shi ne: sarki ya riƙe rawaninsa, amma hukunci da naɗin hakimai su koma hannun Turawa. In ya ƙi buga hatimi, igwa ta yi magana.

Sarki ya fusata, ya dubi tafinta ya ce, "Gaya masa wanda ya ɗaura maka rawani shi ke kwance shi. Ya kwashe takardarsa ya bar mini gari!"

Tafintan nan, Nomau, ɗan garin ne, fatauci ya kai shi bakin teku har ya iya harshen Turawa. Ya juya ga Bature ya ce, "Sarki na gaisuwa, yana roƙon a ba shi zuwa la'asar ya yi shawara." Bature ya yarda. Da Nomau ya faɗi gaskiya, da a nan take an gama da Kwarsa.

La'asar ta yi, sarki bai sauya ba. Sojoji suka ɗura igwa. Sai Magajiya Tasalla, yayar sarki, ta fito da matan gari, masu goyo da tsofaffi, suka hau tudun suka zauna a bakin igwar. Sajen sojojin, Bahaushe ne, ya ce, "Iya, don Allah ku tashi." Ta ce, "Harba, ɗana." Ya kasa harbawa. Sai dai Bature ya aika a kirawo wasu sojojin da ba su jin Hausa.

Waziri Gagare ya hango ƙurarsu tafe. Hatimin sarauta a hannunsa yake amana tun zamanin mahaifin sarki. Bai nemi izini ba, ya fita da gudu ya buga shi a takardar. Aka juya bakin igwa, ko kaza ba ta mutu ba.

Kafin damina ta zagayo, Bature ya tuɓe hakiman Kwarsa ya naɗa nasa. Sarki ba ya iya yanke hukuncin ko satar akuya sai ya aika bariki.

Ranar da ciwon ajali ya kwantar da shi, ya kira Nomau da Tasalla da Gagare. Ya ce, "Ɗaya ya yi ƙarya da bakina, ɗaya ta kai matan garina bakin wuta, ɗaya ya ci amanar hatimina. Amma ga mutanena suna numfashi. Alkyabbata guda ce, zan bar wa wanda ya ceci garin nan." Bai kai ga faɗin suna ba, rai ya yi halinsa.

To, jama'a, wa za ku yafa wa alkyabbar nan: Nomau, Tasalla, ko Gagare?