Malam Ban-Sani-Ba da Hantar Sarkin Fawa

An yi wani mutum a wani gari, ba zan faɗi garin ba. Sunansa Kallamu. Wani bawan Allah ne mai ɗaukar hoton ciki a asibiti, wannan da ake cewa sikanin. Ba likita ba ne. Shi dai ya shafa maka mai, ya goga na'ura, ya rubuta wa likita abin da ya gani.

Ran nan aka kawo masa Sarkin Fawan garin, Nomau, ya rame, gefen cikinsa na ciwo. Ku saurara.

Kallamu ya shafa masa man. Nomau ya zabura. "Kai! Miyar kuɓewa ka samu a firji?"

"Yi haƙuri, Sarki. Ja numfashi ka riƙe."

Nomau ya leƙa allon. "Wannan ce hantata? Shekara arba'in ina fiɗa, ban taɓa ganin hanta mai kama da ƙanzon tuwo ba."

Kallamu ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Sarki, akwai ƙulli. Ina tsoron kansa ce."

"Kan wa? Ni kaina lafiya lau. Ciki na kawo."

"Ciwon daji nake nufi."

"Daji? Ni ɗan birni ne. Har gida ake kawo mini shanu."

Kallamu bai yi dariya ba. Ya yi masa bayani a hankali. Ya ce ciwon nan iri-iri ne. Wani a naman hantar yake tsira. Wani a hanyar matsarmama. Wani kuma baƙo ne, daga wata gaɓar ya taso ya sauka a hanta. Kowanne da maganinsa.

Nomau ya ce, "To nawa wanne ne?"

"Ban sani ba."

"Me ka ce?"

"Ban sani ba, Sarki. Wannan hoton bai isa ba."

Nomau ya tashi zaune, mai na zuba a wando. "Kullum kana leƙen cikin jama'a, ka ce ba ka sani ba? Rubuta na hanta ne, likita ya sa wuƙa ya fitar, in koma kasuwa. Ni na san aikin wuƙa."

"Ba zan rubuta abin da ban gani ba."

Kun ji? Kalma ɗaya ce, da ya rubuta da ya huta. Bai rubuta ba.

Kafin la'asar duk 'yan fawa sun ji. Suka sa masa suna Malam Ban-Sani-Ba. In ya zo wucewa sai su ɗaga tsoka. "Malam, naman sa ne ko na raƙumi?" Sai ya yi murmushi ya ce, "Ban sani ba." Ya wuce abinsa.

Amma ya je ya samu likita, ya roƙa a sake hoton da allura. Akwai wani ruwa da ake sa wa a jijiya, yana haskaka jini a allo. Ƙullin da ya tsira a naman hanta yakan sha ruwan nan, ya jima bai sake shi ba. Sauran sukan sake shi da wuri.

Da ƙyar Nomau ya dawo. Aka yi allura. Kallamu ya kafa ido a allo, likita na duba agogo. Ko minti ba a cika ba ƙullin ya saki ruwan, ya dushe.

Likita ya ce, "Wannan ba a naman hanta ya tsira ba. Sai mu bincika wani wurin."

Aka bincika. Ashe tushen a hanji yake. Da hanta kaɗai aka yanka, da an bar uwar ciwon a ciki tana cin sa. Aka yi masa aikin da ya dace, ya ƙara shekaru yana masifa a kasuwa.

Nomau bai taɓa cewa a yafe masa ba, ba halinsa ba ne. Sai dai duk Juma'a ya aika wa Kallamu hanta guda, da saƙo: "A ce masa ya duba wannan." Kallamu kuwa, don yawan kallonta, ko ƙanshin hanta ba ya so. Ya karɓa, ya gode, ya kai wa maƙwabta.

To ku fa? Jiya ɗanku ya yi zazzaɓi, mutum goma suka faɗi magani, babu wanda ya taɓa jikin yaron. A tambaye ku hanya, ku nuna gabas alhali ba ku taɓa zuwa ba. A tambaye ku addini ma haka.

Wanda ya faɗi gaskiyar iyakar saninsa, Allah na ceton rai ta bakinsa. In ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba, ku nemi wanda ya sani. Ku gwada faɗa yanzu in ji. Kun ga? Ba wanda ya mutu.