Yashin Alhaji Gambo

An ce wai a wani gari na bakin teku an yi sarki mai suna Barau, wanda bai cika magana ba. Garin yana da fili mai itatuwan kwakwa inda jama'a ke shan iska. Tsofaffi kuma suna da al'ada: idan rana ta take, sai su haƙa rami a yashi mai zafi su binne ƙafafunsu har cinya, maganin sanyin ƙashi.

Wata rana jirgin ruwan wani attajiri, Alhaji Gambo, ya fashe kusa da gaɓa. Ɗanyen man da ya ɗauko ya malale filin. Kifi ya mutu, kwakwa ta bushe, yashi ya koma baƙi kamar gindin tukunya. Sarki ya sa aka tsare sauran jiragen Alhaji, ya ce ba za su tashi ba sai an gyara ɓarnar.

Alhaji Gambo bai kwashe komai ba. Tifa-tifa ya turo da farin yashi aka zuba a kan baƙin. Ya dasa sabuwar kwakwa, ya jera benci, ya kafa fitilu. Wurin ya fi da kyau. Fadawa suka je suka gani, aka ba su lemo, suka dawo suna ta yabo.

Sai wata tsohuwa, Gwaggo Tabawa, ta zo fada tana dogara sanda. Ta ɗage zane ta nuna ƙafarta, duk ta saɓule.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, dubi gyaran Gambo. Na je neman sauƙi, na dawo da wannan. Ƙazanta ya shafa wa hoda."

Alhaji ya yi dariya ya ce, "Haba Iya! Wa ya san inda kika jefa ƙafarki? Allah ya ja zamanin sarki, na tsabtace wurin nan har ƙasa. Idan aka ci gaba da riƙe mini jirage saboda ƙafar tsohuwa, fatake za su ji, kuma babu wanda zai sake tsayawa a gaɓar nan."

Abin ya tsaya wa sarki. In ya saki jiragen, Alhaji ya tafi ke nan, dafin ya zauna a ƙarƙashin mutanensa. In ya riƙe su ba hujja, fatake su gudu, garin ya mutu. In ya aika a haƙa, waɗannan masu shan lemon zai aika.

Sai sarki ya ce, "Alhaji, na yarda da kai. Gobe da azahar za a buɗe fili a saki jiragenka."

Gwaggo Tabawa ta buga sanda a ƙasa ta fita, ko sallama babu.

Washegari gari ya taru. Alhaji Gambo ya zo cikin farar shadda, ana buga masa kalangu. Sarki ya ɗaga hannu, kiɗa ya tsaya.

Ya ce, "A garin nan, wanda ya sassaƙa kwalekwale shi ke fara shigarsa kafin ya miƙa wa mai shi. Haka muka gada. Kai ka gyara yashin nan, kai za ka fara shiga. Za a binne ka zuwa cinya kamar yadda iyayenmu ke yi, har la'asar. Ba zan zaɓa maka wuri ba, kada ka ce an yi maka maƙarƙashiya. Ga fili nan, nuna inda ka so."

Aka miƙa wa Alhaji shebur. Ya nufi gabas, ya tsaya, ya duba ƙasa, ya wuce. Ya je gindin kwakwa, ya wuce. Ya je bakin ruwa, ya dawo. Jama'a na biye da shi da ido. Ya zagaye filin kaf, gumi ya jiƙa shaddar, bai dasa shebur ko'ina ba.

Gwaggo Tabawa ta ɗaga murya: "Gambo, ko in ara maka ramina?"

Sarki bai yi dariya ba. Ya ce, "Ba wanda ya ba da shaida a kanka. Ƙafafunka ne suka bayar. Filin da babu taku ɗaya a cikinsa da ka amince wa fatarka, shi ka ce mu saki jikokinmu a kai? Ka kwashe farin, ka kwashe baƙin, har sai ka tarar da yashin Allah. Duk ɓangaren da ka gama, kai za ka fara zama a ciki. Ranar da ka gama zaune filin nan duka, jiragenka su tashi."

Haka aka yi. Alhaji da kansa ya riƙa tsayawa a kan masu haƙa yana cewa su ƙara zurfi.

Wanda ya ce ya gyara, a sa shi ya fara amfani da gyaran. Abin da ya tsare wa jikinsa, kada ka ba naka.