Kurege da Tulun Masu Kufai

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To ku matso, wannan ba a jin ta daga bakin ƙofa.

Akwai wata tsohuwar Bushiya da ta iya tsimin 'ya'yan danya. In danya ta zuba, sai ta tsince, ta matse, ta tace, ta ɗura a tuluna. Wannan ta jefa masa citta, wannan kanumfari, wannan zuma da ɗan masoro. Sai ta liƙe bakinsu da laka, ta kai su wani kufai da ke bayan gari, inda mutanensa suka mutu tun kafin a haifi kakanku, ta binne su iya wuya su kwana bakwai. Amma tulu ɗaya, baƙi, tsoho, ba ta sa masa komai. Kuma muddin bakin tulu na buɗe, ko tari ba ta yi.

Shi kuwa Kurege, kun san shi, ba gona, ba sana'a, bakinsa ne gonarsa. Da shi yake ci, da shi yake fita in an kama shi. Ya zo ya tsuguna gaban Bushiya, yana haɗiyar yawu.

Ya ce, "Iya, me ya sa kike aiki shiru kamar mai takaba?"

Sai da ta gama liƙe tulun sannan ta ce, "Ɗan nan, tsimi ba ya zaɓe. Ka sa masa citta, ya kama citta. Ka sa masa zuma, ya kama zuma. Ka sa masa murya, ya kama murya."

"Wancan baƙin fa, na wa ne?"

"Na masu kufai ne, ladan aron ƙasarsu. Ba sa son ƙamshi."

Kurege ya ce a ransa, ƙarya take, wanda ya fi daɗi ne ta ɓoye.

Ran kwana shida, rana tsaka, lokacin da ko kaza ba ta yawo, ya tsinko sandar ganyen gwanda mai rami, ya nufi kufai. Wurin tsit, ba tsuntsu, ba iska. Sai tuluna a ƙasa suna ta numfashi, fuus, fuus, kamar masu barci. Ya huda lakar baƙin tulu, ya zura sandar, ya zuƙa. Ya zuƙa, ya ƙara zuƙa. Maimakon ya sha ya tashi, marar kunyar nan, sanda na bakinsa ya ce, "Kai! Ba ko citta!"

Ya ji wani abu ya zare daga maƙogwaronsa, sulul, ya bi sandar ya faɗa tulu. Ya buɗe baki zai ce wayyo, ba wayyo. Sai daga cikin ƙasa ya ji muryarsa, tasa ta kansa, a hankali tana cewa, "Ba ko citta. Ba ko citta."

Ya zuƙi sandar da ƙarfi, ko ɗigo bai hau ba. Ya ja tulun, kamar ya ja dutse. Tsoro ya kama shi, ya kwasa a guje sai gidan Bushiya. Ya nuna bakinsa, ya nuna kufai, ya faɗi ya yi birgima.

Ta dube shi ta ce, "Oho. Yau gari zai huta. Ka yi magana a tulun mutane ko?"

Ya gyaɗa kai, hawaye shaɓe-shaɓe.

"To gobe rana tsaka za su zo. In suka shanye, muryarka ta bi su ƙasa, ba dawowa. Tulun nan ba ya sakin abin da ya kama sai masu shi sun ce ba sa so. Kuma tun da nake, ba su taɓa cewa ba sa so ba."

Kurege ya zauna ya yi tagumi. Sai idonsa ya faɗa kan faifan cittar Iya. Ta juya baya, ya cika kumatunsa biyu. Ya koma kufai, ya tauna, ya tura ta cikin sandar, ya tauna, ya tura, har bakinsa ya yi zafi. Ya toshe hudar da laka, ya laɓe bayan wani rusasshen bango.

Washegari rana ta take tsaka, sai sanyi ya sauko. Ya ga sawun ƙafa na fitowa a kan ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, amma ba ƙafa. Ya ga inuwoyi dogaye, amma ba masu inuwa. Suka kewaye tulun, lakar ta tsage da kanta.

Tulu ya ce, "Ba ko citta."

Wata murya kamar daga cikin rijiya ta ce, "Akwai citta."

Wata ta ce, "Akwai citta."

Ta farko ta ce, "Ba ma so. Wanda ya sa, shi zai sha. Har ƙasa."

Sawayen suka juya, suka shafe ɗaya bayan ɗaya. Kurege ya yi tsalle don murna. Ga murya, ga tulu guda kyauta! Ya kafa kai, ya sha, ya sha, ya sha. Ya ji muryarsa ta dawo maƙogwaro tun a tsakiyar tulu, amma ya tsaya? Ina! Sai da ya lashe gindin tulun, har da wani baƙin dalaki mai kauri da ya kwanta a ƙasa.

Ya zo wurin Bushiya yana tangaɗi, zai yi mata kuri. Ya buɗe baki, sai muryar wani tsoho ta fito: "Ɗumi ya yi yawa." Ya toshe baki. Ya sake buɗewa, sai ta wata mata: "Namu na da ya fi." Ya sake, sai ta kura: "Ba nama a ciki?"

Bushiya ta yi dariya har ƙayoyinta suka miƙe. Ta ce, "Ka zaci kai ne ɓarawon farko? Tun zamanin kakata ba a taɓa wanke tulun nan ba. Kowa ya sata sai ya kushe, ragowar muryarsa ta kwanta a dalaki."

Can da ƙyar tasa muryar ta samu hanya, ƙarama, ta ce, "Iya, su nawa ne?"

Daga cikinsa aka amsa gaba ɗaya, "Matsa, mu ma mu yi magana."

Shi ya sa har yau za ku ga kurege ya miƙe tsaye da rana, hannu a baki, yana waige-waige. Ba ku yake dubawa ba, so yake ya gane wa ya yi magana.

Ƙurunƙus kan mai kumatun citta. Ku kuma in kun sha na sata, ku sha da ladabi, kada ku ce bai ji kayan ƙamshi ba.