Inda Waƙar Take Tsayawa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku masu musu.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Tun magariba kuke cika mini kunne. Hajjo ta ce mawaƙiyar rediyo ta fi iya rera waƙar nan, Sale ya ce na wayar yayansa ya fi. To ku matso ku yi shiru.

Wata mata ce, sunanta Kuluwa, tana zaune a wani ƙauye bakin kogi. Tana da 'ya ɗaya tak, Lantana, 'yar shekara bakwai. Kullum da hantsi sai Kuluwa ta durƙusa gaban dutsen niƙa, Lantana ta zauna gefe da ƙwaryar gero. Sai uwar ta riƙa niƙa tana wata waƙa da ta ƙaga da kanta:

Gero yi laushi, gero yi gari,
Mai tafiya na hanya, yana tafe da yunwa.

Daidai nan geron da ke kan dutse yake ƙarewa. Sai ta tsaya. Sai Lantana ta ɗebo gero da hannu biyu ta zuba, ta ce, “Ga shi, Inna.” Sannan uwar ta ƙarasa:

Na aje masa ruwa a sabuwar randa.

Wata shekara sai kogi ya yi ambaliya cikin damina. Mutane suka ruga jiragen fito. Aka tura Kuluwa cikin wannan jirgi, aka jefa Lantana cikin wancan. Ruwa ya ja wancan ya yi kudu da shi. Aka nema, aka nema, ba labari. Mutane suka yi wa Kuluwa gaisuwa. Daga ranar ba ta ƙara yin waƙar ba.

Shekara ashirin suka wuce. Idonta ya dushe, sai ƙaninta Mantau mai jaki yake kai ta kasuwa. Ran nan suna wucewa ta rumfar mahauta, sai ta ji mai kalangu yana kiɗa, samari suna ta tsalle, ana cewa, “Gero yi laushi, gero yi gari!” Sai ta damƙe hannun Mantau.

Ta ce, “Waƙata ce.”

Ya ce, “Haba Yaya, wannan ai duk ƙasar nan ake yin ta.”

Ta ce, “Mu biyu muka san ta a duniya. In ta fito, daga bakin Lantana ta fito. Tana da rai.”

Da aka tashi kiɗa sai ta je wurin mai kalangu. Ya ce, “Iya, yaya kika ji? Ba wanda ya kai ni iya waƙar nan.”

Ta ce, “Da daɗi, ɗana. Amma ka kora ta da gudu, ba ka bar ta ta tsaya ba.”

Ya ce, “Ta tsaya? In na tsaya ai 'yan rawa zama za su yi.”

Samari suka yi mata caa, wai tsohuwa me ta sani. Shi kuwa Mantau yana ta kaɗa kafaɗa, ya ce shi dai bai taɓa jin kiɗa mai daɗin wannan ba.

Ta ce, “A ina ka samo ta?”

Ya ce, “Wurin wani mai goge a garin Tsamiya Uku. Amma tasa sai ta sa ki barci.”

Sai Mantau ya ɗora ta a jaki. Suka yi kwana biyu suna tafiya. Suka tarar da mai goge a gidan biki, mata sun kewaye shi. Shi kuma ja ya yi wa waƙar, ya ja ta, ya ja ta kamar ana kaɗa zare. Da ya zo wurin yunwa sai ya tsai da murya, ya bar gogen ya yi ta kuka shi kaɗai. Mata suna share hawaye da bakin mayafi. Mantau ma, ƙaton banza, sai da ya fyace hanci.

Mai goge ya ce, “Iya, yaya kika ji?”

Ta ce, “Da daɗi, ɗana. Amma ka cika wurin da ya kamata a bari fili.”

Ya ce, “Ai nan ne mata suke kuka. In na bar shi fili me zan sa su yi?”

Mantau ya ce, “Yaya, wallahi wannan ta fi ta mai kalangu.”

Ta ce, “Kai kowacce ka ji ita ta fi.” Ta juya ga mai goge ta ce, “A ina ka samo ta?”

Ya ce, “Wurin wani makiyayi mai busa sarewa, can kudu bakin fadama. Amma tasa ko magana babu.”

Sai suka sake kama hanya. Suka yi kwana uku, guzuri ya kusa ƙarewa, jaki ya fara ɗingishi. Suka sami makiyayi ƙarƙashin gawo yana busa, shanu sun yi lamo suna tuƙa. Babu kalma ko ɗaya, amma waƙar ce. Mantau ya buɗe baki zai ce wannan ta fi, ya tuna, ya rufe.

Makiyayi ya ce, “Inna, kin ji daɗinta?”

Ta ce, “Na ji, ɗana. Taka ta fi kusa. Amma kai ma ka wuce ba ka tsaya ba.”

Sai ya sauke sarewa ya dube ta. Ya ce, “Ikon Allah. Matar da na ji a bakinta tsayawa take yi a tsakiya. Na zaci numfashi ne yake ƙare mata, sai na gyara.”

Kuluwa ta matso kusa da shi. Ta ce, “Ina take?”

Ya nuna da sanda. “Ƙauyen can, gida mai zogale a bayan danga. Kullum da hantsi take yi.”

Washegari da hantsi suka tsaya bayan dangar. Sai suka ji gurzar dutse. Sai suka ji murya, wata irin murya a shaƙe, mai kaushi, ba wanda zai tsaya saurarenta a kasuwa. Mantau ya yamutsa fuska ya ce, “Yaya, duk cikinsu wannan ce ba ta iya ba.”

Ta ce, “Rufe mini baki.”

Muryar ta ce, “Mai tafiya na hanya, yana tafe da yunwa.” Sai dutse ya tsaya. Sai shiru.

Sai Kuluwa ta kafa bakinta a jikin danga ta ce, “Ga shi, Inna.”

Sai aka ji ƙwarya ta faɗi. Sai matar ta fito a guje, gari fari fat a hannuwanta. Ta tsaya tana duban tsohuwar. Kuluwa ba ta ganin fuskarta sosai, sai kawai ta ƙarasa mata: “Na aje masa ruwa a sabuwar randa.”

Matar ta ce, “Inna!” Ta zube ta rungume ƙafafunta. Suka yi kuka har suka gode wa Allah. Lantana ta ce masunta ne suka tsamo ta suka riƙe ta, ba ta san sunan garinsu ba, waƙar kaɗai ta fito da ita. Shekara ashirin tana tsayawa a wurin nan, tana zuba wa kanta gero.

Da aka yi walima, mai kalangu ya zo, mai goge ya zo, makiyayi ya zo. Kowa ya yi tasa, kowa ya sami masu so. Aka tambayi Kuluwa wacce ta fi. Ta ce, “Duk sun kyauta mini, su suka kawo ni. Amma ni ta 'yata nake so.” Mantau dai har ya mutu bai tsai da ɗaya ba.

Ƙurunƙus kan kusu, ta ƙare ke nan. Hajjo ki so taki, Sale ka so taka. In wani ya ce wata ta fi masa daɗi, kada ku ce bai da kunne, ku tambaye shi abin da yake ji a cikinta. Ni ma da kuka ga ina rufe ido in an sa tsohuwar waƙar nan ta kaset mai shuu kamar ƙarar ruwa, ita kakanku yake rera mini.