Manomin da Ya Mayar da Ƙwarya Cike

Akwai wani manomi a wani ƙauye na bakin rafi, yana da 'ya guda ɗaya tak, sunanta Afiniki. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa bai taɓa kiran sunan da bakinsa ba, Uwata yake ce mata. Matarsa ta rasu tun yarinyar ba ta kai yaye ba. A wannan shekarar kuma damina ta yi gardama, rumbunsa ya ƙare tun ana bazara.

Maƙwabta ne suka riƙe gidan. Wata tsohuwa mai suna Iya Bilhatu, wadda danga ɗaya ta raba gidanta da nasa, ita ta goya yarinyar, ita ta yaye ta. Matan zumuntar majami'a suka raba sauran aikin a tsakaninsu ba tare da sun yi taro a kai ba: wannan ta yi mata kitso, waccan ta koya mata tankaɗe da tuƙin tuwo, wata ta ja mata kunne ranar da ta fara rashin ji. Maza suka yi masa gayya a gona shekara biyu a jere, har ya miƙe da ƙafarsa.

Manomin bai manta da ko ɗaya ba. Duk sa'ad da ya tuna, godiya ta cika masa zuciya, amma a ƙarƙashin godiyar akwai wata kunya da bai taɓa gaya wa kowa ba. Shi mutum ne da ya fi son ya bayar da a ba shi. Kun san irinsu. In kun waiwaya da kyau, ba za a rasa ɗaya ko biyu a bencin da kuke zaune ba.

Shekaru suka wuce, Allah ya sa wa gonarsa albarka. Rumbu ɗaya ya zama uku, awaki suka cika garke. Afiniki ta girma, ta sami wanda take so, ɗan wani manomi daga ƙetaren rafi, yaro mai natsuwa da tsoron Allah. Iyaye suka yi magana, aka sa rana bayan kaka. Abu ɗaya ta roƙi mahaifinta: in an ɗaura aure a majami'a, a yi walima a gona, a ƙarƙashin ɗorawar da yake kwantar da ita tana jaririya yana noma. Manomin ya juya baya kamar yana gyara igiyar akuya, don kada ta ga idonsa, ya ce za a yi.

To, a ƙauyen nan akwai al'ada. In biki ya matso, kowace mace takan ɗauki ƙwaryarta ta zuba abin da take da shi, dawa ko gyaɗa ko daddawa ko busasshiyar kuɓewa, ta kai gidan biki gudummawa. Mai gida ya juye, ya jefa goro ɗaya ko ɗan gishiri a ciki tukwici, ya mayar mata. Maza kuwa su zo gayya su kafa rumfa. Ba a mayar da ƙwarya yadda ta zo. Wanda ya mayar wa mace ƙwaryarta cike, ya ce mata ke nan babu ni babu ke, ko bai buɗe baki ba.

Manomin ya san wannan sarai, a ƙauyen aka yanke masa cibiya. Amma ya zauna ya yi tunani a ransa, ya ce, "Mutanen nan sun sha wahalata shekara ashirin. A bikin nan ba wanda zai ɗaga ko tsinke. Su zo su zauna a inuwa, ni in yi musu hidima, su ci su ƙoshi. In na faɗa musu da kyakkyawan baki, za su gane."

Da ƙwarya ta farko ta iso, ta Iya Bilhatu ce, cike da gero, ya tarbe ta da fara'a, ya yi godiya har da durƙuso. Sa'an nan ya ɗora sabulu a kan geron, ya mayar mata a hannu. Ya ce, "Iya, bana ki huta. Allah ya hore, komai akwai. Ranar biki ki zo ki zauna kawai." Tsohuwar ta dubi ƙwaryar, ta dube shi, ta ce to. Ta ɗora a ka ta fita.

Haka ya yi wa ta biyu da ta uku, har ta goma sha. Maza suka zo da gatari da igiya, ya ba su kunu suka sha, ya sallame su da addu'a. Ya ɗauko 'yan ƙwadago daga wani gari suka sare dirkoki, suka kafa rumfa ta zana a gindin ɗorawa, suka share masussuka suka yi mata daɓe. Ya yi magana da masu dafa abincin biki na cikin gari. Ya ware awaki huɗu, ya sa aka casa shinkafa, ya shafa wa katangar zaure farar ƙasa da hannunsa. Tun da asuba yana gona yana gwada inda amarya da ango za su zauna, inda fasto zai zauna, inda rana za ta faɗo da la'asar. Ya rame don aiki, amma yana murna. Bawan Allah, garin neman gira yana shirin rasa ido bai sani ba.

Saura kwana uku biki, ya dawo daga gona da hantsi, ya tsaya a tsakar gidansa. A irin wannan rana gidan biki ba ya jin kira: lugude a turmi uku, hayaƙi ta ko'ina, mata suna waƙa suna tsokanar amarya, ana kwaɓa lalle. Nasa gidan shiru, sai kaji. Ya leƙa ɗaki ya tarar da Afiniki zaune a bakin gado, ta tsefe kanta tun jiya tana jiran mai kitso, ba wadda ta zo.

Ya ce, "Uwata, lafiya?"

Ta ce, "Baba, rumfa ta yi kyau, na gani. Amma gata wa zai riƙe hannuna ya kai ni ɗakina? Masu dafa abinci?"

Ta sunkuyar da kai. Duk shirin da ya yi, domin ta ya yi, ga shi kuwa tana shirin barin gidansa kamar wadda ba ta da kowa. Abin ya soke shi ƙwarai. Ya fita ko hula bai ɗauka ba, ya zagaya danga, ya yi sallama a gidan Iya Bilhatu.

Ya same ta a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Ta amsa gaisuwarsa da kyau, ta tambayi aiki, ta tambayi gajiya, irin gaisuwar da ake yi wa baƙon da ya zo daga nesa.

Ya ce, "Iya, yarinya tana can ba kitso ba lalle. Me muka yi?"

Ta ce, "Ai mun ji saƙonka, Baban Afiniki. Ranar Asabar za mu yi wanka mu zo mu zauna a rumfa, a kawo mana mu ci. Ba haka baƙi suke yi ba?"

"Haba Iya, ku ne baƙi? Ni dai so na yi ku huta."

Tsohuwar ta ajiye gyaɗar. Ta ce, "A ƙwaryar nan da ka mayar mini na dama mata kunu ranar da aka binne uwarta. Shekara ashirin ina jiran ranar da zan cika ta in kai gidan bikinta. Ka ce in huta. Uwarta ce ta huta, ɗana. Mu muna nan da ranmu."

Manomin ya zauna a ƙasa inda yake tsaye. Ya yi kuka, kukan da bai yi ba tun ranar jana'izar. Iya Bilhatu ta bar shi ya yi mai isarsa, don ta san ya daɗe yana riƙe da shi. Da ya lafa ya ce, "Yanzu yaya zan yi?"

Ta ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya kori ƙwarya, shi zai bi ta da ƙafarsa."

Sai ga mai rumbu uku da rana tsaka, ƙwarya wofi a hannu, yana bin ƙauye gida gida. A ƙofar farko ya ce yana roƙon daddawa, miyar bikin 'yarsa ba daddawa. Matar gidan ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah! Mu da aka ce mu huta?" Ta bar shi tsaye a rana ɗan lokaci, yadda zai ji a jikinsa, sa'an nan ta shiga ta fito da daddawa, da turminta, da taɓare biyu, da 'ya'yanta mata a baya. A wani gidan ya roƙi gishiri, alhali yana da buhu guda a ɗaki. A wani ya roƙi itace. Wata ta sa shi ya maimaita roƙon sau uku, wai kunnenta ya yi nauyi tun da aka sa ta hutu. Ya maimaita, suna dariya, shi ma yana dariya da jajayen idanu.

Kafin la'asar gidan ya kaure da lugude. Iya Bilhatu ta sa kan Afiniki a cinyarta tana kitso tana faɗa, wai an bar gashi ya cukurkuɗe. Masu dafa abinci da suka zo daga gari aka ba su wanke-wanke da yankan albasa, ba wadda ta bar su suka taɓa muciya. Maza kuwa suka tafi gona suka zagaya rumfar nan, suka girgiza kai, suka ce 'yan ƙwadago ba su iya ɗaurin zana ba. Gaskiya ba abin da ya sami rumfar. Amma suka kwance ta tas, suka sake kafa ta a daidai inda take, manomin yana miƙa musu igiya yana cewa sannunku.

Ranar Asabar aka ɗaura aure, aka ci aka sha a gindin ɗorawa. Da lokacin kai amarya ya yi, matan da suka fito riƙe hannunta suka yi yawa, har sai da suka yi ta karɓa-karɓa daga gona zuwa bakin rafi. Afiniki ta tafi tana kuka irin na amare, ba irin na marayu ba. Mahaifinta ya tsaya a bakin gona yana kallo har suka haye.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi.

Manomin nan ba mugu ba ne, kada wani ya fita yana zaginsa. Ƙauna ce ta sa shi, ina kuwa ƙaunarsa saboda haka. Amma ƙaunarsa ta gauraya da girman kai, irin wanda ke sa rigar godiya har mai shi ma ba ya gane shi. Ya ɗauka alherin da aka yi masa kaya ne a kansa da zai sauke wata rana ya huta. Maƙwabtansa kuwa ba kaya suka ɗora masa ba, shigowa suka yi cikin gidansa suka zama dangi. Da ya ƙi karɓa, ba wahala ya ɗauke musu ba, matsayinsu ya ƙwace.

Da yawa a cikinmu mun iya bayarwa. In aka ce wane ba shi da lafiya, mu ne a gaba da kwanon abinci. Amma ranar da ciwon ya zo gidanmu, sai mu rufe ƙofa. A tambaye mu, mu ce lafiya lau, alhali ba lafiya ba. 'Yar'uwa ta zo taya ki aiki, ki ce kada ta damu. Ɗan'uwa ya ce zai yi maka addu'a, ka ce ai ba wani abu ba ne. Muna kiran wannan kunya, ko kara, ko gudun ɗora wa mutane nauyi. Amma wanda ya zo da hannu biyu ya koma da abinsa, ya san abin da aka faɗa masa. Ikilisiya ba rumfar baƙi ba ce da wasu ke hidima wasu na zaune. Gida ne, kuma a gida kowa yana da turmin da yake daka. In ka hana ɗan'uwanka ya yi maka alheri, ka hana shi abin da Ubangiji ya aiko shi ya yi. Ku kuma masu shirin aurar da 'ya'ya bana, ku ji da kyau: rumfa da shinkafa ba su ne biki ba, mutane ne.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Yadda muke yi wa juna, haka muke yi wa Allah. Ya aiko mana da alherinsa kyauta cikin Almasihu, mu kuwa sai mu tarbe shi da ladabi, mu ce an gode, amma muna da isasshe. Ga ayyukanmu nagari, ga baikonmu, ga shekarun da muka yi a ƙungiyar mawaƙa. Har mu ɗora ɗan abin kirkinmu a kai, mu mayar masa, muna tsammani mun girmama shi. Ba a shiga bikin Ubangiji da cikakken rumbu. Da hannu wofi ake zuwa, a buɗe baki a roƙa, kuma bai taɓa barin mai roƙo tsaye a rana ba.

Abin da Almasihu ya kawo ƙofarka ba gero ba ne, ɗan'uwa, ransa ne ya bayar. Ya daɗe yana jiran ranar da za ka karɓa. Kada ka ce masa ya huta.