Kurege da Mai Tsaya Masa

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Wata shekara Giwa ta cika rumbu da gyaɗa, ta ce tana neman mai gadi. Kurege ya ji, yawunsa ya tsinke. Ya wanke fuska, ya taje wutsiya, ya je ya durƙusa.

"Ranki ya daɗe, ai gadi sana'ata ce."

Giwa ta ce, "Wa ka taɓa yi wa aiki? Wa zai tsaya maka?"

Kurege ya shiga lissafi. Ya yi wa Zomo aiki, sun rabu baram-baram. Ya yi wa Bushiya, ko gaisuwarsa ba ta amsawa. Sai ya tuna da Kunkuru can hayin kogi. Kafin tsohon ya ja jiki ya iso, ai rumbu ya zama wayam.

Ya ce, "Baba Kunkuru! A tambaye shi."

Bai je ba, bai aika ba. Ya koma gida yana lashe baki.

Ashe Giwa da kanta ta tsallaka kogi. Ta ɗauko Kunkuru da hanci, ta dire shi gaban jama'a, ta sa aka kira Kurege.

Ta ce, "Baba, wannan ya yi maka gadi?"

"Ya yi. Gonar gyaɗa."

"Ɓarawo ya shiga?"

"Ko ɗaya bai shiga ba."

Kurege ya miƙa wuya, yana baza wutsiya.

"To, gyaɗar fa?"

Kunkuru ya sunkuyar da kai. "Ita ma ko ɗaya ba ta fito ba."

Jama'a suka tuntsire da dariya. Kurege ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya ja wutsiya ya rufe fuska.

Kunkuru ya ce, "Ɗana, da ka zo ka same ni tukuna, da na ce kar ka ambaci sunana."

Daga bayan wutsiya wata siririyar murya ta fito: "Baba, to faɗi maganar ramin ma."

"Gaskiya ne. Ramin da ya haƙa ya kwashe min gyaɗa, har yau cikinsa nake shan ruwa. A haƙa dai ban ga kamarsa ba."

Giwa ta ba shi aikin haƙa rijiya, nesa da rumbu. Kurege ya faɗa rami, bai leƙo ba sai da taro ya watse.

Kurunkus kan kurege! In za ka ba da sunan wani, fara zuwa ka gaishe shi. In ka ci masa gona, ambaci wanda Giwa ba ta iya ɗaukowa.