Wutar da Aka Hura a Kan Tudun Yashi

Akwai wata mata mai suna Narelle, 'yar bakin kogin Murray, wadda aure ya kai ta birnin Adelaide. Mace ce mai kawaici. Ko ƙafarta aka taka, ita za ta fara ba da haƙuri.

Mijinta Clinton shi ma jinin mutanen kogin ne, sai dai a birni ya tashi, ya yi karatu mai zurfi a kan binciken kayan tarihi.

Wata shekara ya shirya kai abokan aikinsa huɗu hutun kwana uku a bakin kogi. Zai nuna musu zanen kakanni a jikin dutse, da bishiyoyin da magabata suka ɓare suka yi kwale-kwale da ɓawonsu. Sati biyu yana tsari: taswira, tanti, abinci. Mutum ɗaya ce bai sa a lissafi ba, kakarsa Mavis, tsohuwar da aka haifa a daidai wurin.

Ranar tafiya suka biya su gaishe ta. Suka tarar da ita a ƙofar gida, ta sa hularta, sanda a hannu.

"Mai digiri, ina kujerata?"

Clinton ya yi dariya. "Haba Kaka, da wannan gwiwar? Kafin ki hau tudu ɗaya hutun ya ƙare."

"Gwiwar nan ta fi takalminka sanin hanya, ɗan nema. Ƙasar can ba a shigarta babu sallama. Akwai inda ake takawa, akwai inda ba a takawa, kuma ni kaɗai na rage da na sani."

"Duk yana cikin taswira, tsohuwa. Mota ma ta cika."

Narelle ta kalli motar. Da za a sauke akwatin ƙanƙara a ɗaure shi a sama, da wuri ya samu. Ta gani, ta sunkuyar da kai.

Da yamma suka isa. Clinton ya hango wani tudun yashi mai laushi, daga kansa ana ganin kogin yana lanƙwasa. Ya ce, "Nan za mu sauka."

Narelle ta gane irin wurin. Tana yarinya mahaifiyarta ta taɓa finciko ta daga kan irin wannan tudu. Mutanen kogin a yashi mai tudu suke binne mamatansu, inda ambaliya ba ta kaiwa. Kowane ɗan kogi ya san ba a kwana a wurin.

Ta buɗe baki. Daidai lokacin wani cikin baƙin yake yi wa mijinta tambaya da manyan kalmomi, shi kuma yana amsawa yana nuni da hannu. Ita da ko sakandare ba ta gama ba, za ta gyara masa a gabansu? Ta rufe bakin.

Ba a nan ta tsaya ba. Da Clinton ya tona ramin wuta, ita ta ɗebo itace. Ita ta kwaɓa fulawa, ta gasa musu burodi a cikin toka. Suna ci suna yabawa, ita ko loma ɗaya ba ta ci ba.

Gari na wayewa ta gangara bakin ruwa, ta kira Kaka a waya.

"Kaka, a kan tudun yashi muka kwana. Wanda ke kusa da bishiyar nan da ta karkata kan ruwa."



"Kun hura wuta?"

"Mun hura."

"A kan uwata kuka hura ta. Da ƙanena da bai kai yaye ba."

Narelle ta durƙusa a cikin laka.

Kaka ta ce, "Shi dai takarda ta rufe masa ido, bai sani ba. Ke fa, 'yata? Ke ma ba ki sani ba?"

"Na sani, Kaka."

Tsohuwar ta kashe wayar. Da zagi ta yi, da ya fi sauƙi.

Narelle ta hau tudun. Ana shan shayi, ana dariya. Ta tsaya a tsakiyarsu.

"A kwashe tantunan nan. Maƙabarta ce. Mahaifiyar Kaka na ƙarƙashin wannan toka."

Clinton ya miƙe. "Narelle, taswirar ba ta nuna..."

"Taswirar ta taɓa binne wani?" Ita kanta ba ta san muryarta na kaiwa haka ba. "Tun jiya na sani, na yi shiru. Laifina ya fi naka."

Kofin ya suɓuce daga hannunsa.  Baƙin suka kwashe kaya suka sauka cikin sanɗa, kamar yashin zai ji ciwo.

Clinton ya yi tafiyar awa uku, ya ɗauko kakarsa. A gindin tudun ya durƙusa, ya goya ta har sama.

Kaka ta sa aka kunna ɗanyen ganye a gindin tudun, hayaƙin ya bi jikin kowa don tsarkakewa, kamar yadda al'adarsu take. Sannan ta ɗaga murya da harshen kogi, wanda jikan nata bai jin rabinsa.

"Inna, ni ce Mavis. Wannan jikana ne. Ba mugu ba ne, wawa ne kawai. Ki yi masa haƙuri."

Clinton ya rufe ramin wutar da tafin hannunsa, hawaye na ɗiga a yashi.

Narelle ta tsaya can gefe, ta kasa haɗa ido da kowa. Sai ta ji an kama hannunta.

"Zo ki riƙe ni, akwai sauran wurare uku da zan nuna miki," in ji Kaka. "Amma ki ji da kyau. Sanin da zan ba ki na faɗa ne, ba na haɗiyewa ba."

Darasi: Ilimin takarda ba ya maye gurbin tsohon da ya san ƙasa, kada ka bar shi a ƙofar gida. Kuma kunyar da ta hana ka faɗin gaskiya a lokacinta ba ladabi ba ce, hannu ka sa a cikin ɓarnar. Ku tura wa wani, wataƙila yana riƙe da maganar da ya kamata ya faɗa tun jiya.